Shaidar Bibi Mahgul

Herat, 9 ga watan Akrab, farkon sanyi

Zuwa ga yayata Marziya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da Yaya Daud da iyalinsa. Ya sanyin Mazar? Mu nan ya fara shigowa, har mun fito da barguna.

Na san da kin ga rubutuna za ki fara da zagi kafin ki yi kuka. Ki yi zagin, na cancanci hakan. Wata goma sha huɗu ba ki ji muryata ba. Wayata ce ta faɗa rijiya, maigidana Kayyum kuma bai samu sukunin sayo mini wata ba. Kin san tun da aka rufe ofishin da yake aiki komai ya tsaya masa.

Ina lafiya. 'Yata Sitara ta cika shekara shida, haƙoranta biyu na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce tsohuwa. Ni kuwa tun da aka rufe makarantarmu ta 'yan mata ban sake riƙe alli ba. Yanzu aikinmu tsintar za'afaran. Ana kawo mana furannin daga gona, mu zauna ni da surukata Bibi Mahgul muna zare jajayen zaren nan har yatsunmu su rine.

Ki yi haƙuri rubutun ya karkace, da hagu nake yi. Zamewa na yi a tsakar gida na bugu a hannun dama.

Bibi ce ta kawo mini takarda da biro. Ɗan ƙanenta, Sakhi, direban babbar mota ne, yana kai zabibi Mazar duk bayan sati biyu. In za ki ba da amsa ki ba shi, ki sa ta cikin ƙunshin ganyen shayi da sunan Bibi. Kada ki rubuta sunana a waje. Kada kuma ki kira wayar Kayyum.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Banafsha

*

Mazar, 24 ga watan Akrab

Banafsha,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, kowa na gaishe ki. To, na gama gaisuwa, bari in yi zagin da kika ba ni izini.

Ke 'yar banza! Ina tsaye a kan tukunyar shinkafa wani mutum mai gashin baki ya buga ƙofa ya miƙo mini takarda. Da na ga sunanki sai na zauna a ƙasa. Shinkafar ta ƙone ƙurmus, ranar gurasa da shayi mutanen gidan suka ci, ba wanda ya yi ƙorafi. Kina raye! Wallahi na riga na fara yi miki irin addu'ar da ake yi wa matattu, sai in kama kaina in yi istigfari. Sau nawa na kira mijinki? Kullum sai ya ce kin shiga wanka. Na ce masa, "Kayyum, wannan ƙanwar tawa kifi ta koma ne?" Tun daga ranar ya daina ɗauka.

Yanzu ki saurare ni. Ni na yi miki wanka kina jaririya, ni na san yadda kike ƙarya: sai ki cika magana da labarin haƙoran yara. Gidanku ba rijiya, famfo gare ku, na zo na gani da idona. Ke kuma da muke tsere a kan katanga ba ki taɓa zamewa ba, sai yanzu a shimfiɗaɗɗen tsakar gida?

Sannan wannan tsohuwar. Matar da ranar bikinki ta ɗaga hannunki ta ce kin cika rama, ita ce yau take kawo miki takarda da biro? Ki yi hankali. Uwa ba ta juya wa ɗanta baya saboda 'yar wasu. Kada ya zama tarko ne, a kama wasiƙar a ce kina aika sirrin gida waje.

Ki rubuto mini gaskiya, ko da haƙori za ki riƙe biron. Na sa miki busasshen tuffa da safa biyu na Sitara.

Allah ya tsare mini ke.

Yayarki,
Marziya

*

Herat, 10 ga watan Kaus

Yaya Marziya,

Bayan gaisuwa. Saƙo ya iso, Sitara ta ƙi cire safar ko da za a wanke mata ƙafa.

Kin yi gaskiya, ba rijiya. Kayyum ne ya buga wayar a bango, don ya ga na yi dariya ina karanta saƙonki. Hannun kuma da itacen murhu ne, saboda shayi ya huce.

Ba tun farko yake haka ba, kin sani. Da yana da zafin rai, amma in ya fita aiki sai ya dawo ya manta. Da aiki ya tafi, ya zauna gida, sai na zama ni ce duk abin da ya lalace a ƙasar nan. In na yi magana, ina taƙama da karatu. In na yi shiru, raini ne. Ya sa kwaɗo a ƙofar gida. Da ma ina zan je? Gidan da mata ke fakewa a da an rufe shi, kuma ko mota ba za ta ɗauke ni tafiya mai nisa ba sai da muharrami.

Ni ma da na ɗauka Bibi ba ta gani, ko tana gani tana jin daɗi. Kwana uku bayan abin hannun, muna zaune kan furanni, ina fama da hagu ina lalata zaren. Sai ta janye farantin daga gabana. Na zaci faɗa za ta yi. Ta kama hannuna mai lafiyar ta cusa ƙarƙashin rigarta, ta ɗora a haƙarƙarinta. Yaya, ƙasusuwan a karkace suke, wani ya hau kan wani.

Ta ce, "Uban Kayyum ne. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da shi."

Na janye hannuna a hankali.

Ta ce, "Ranar da ya mutu na yi kuka kamar yadda ake so. Da aka watse na shiga madafa na soya ƙwai huɗu na cinye ni kaɗai. Na ce shi ke nan, an binne abin tare da shi. Ashe na goya shi a bayana na yi masa tarbiyya."

Daga nan ta tambaye ni ko ina da wanda zai zo ya ɗauke ni. Na ce ina da yaya namiji, amma ban san ko zai zo ba. Na kuma faɗa mata abin da zan faɗa miki yanzu: ba inda zan je ba tare da Sitara ba. Kayyum ya rantse in na taka waje ba zan ƙara ganinta ba. In zaɓin ke nan, gara ya karya ɗaya hannun ma.

Kada ki yi kuka da yawa. Tun da na faɗa wa mutum biyu, ke da ita, ƙirjina ya yi sauƙi. Jiya har na tsinci kaina ina waƙa ina shara.

Taki,
Banafsha

*

Herat, 12 ga watan Kaus

Zuwa ga Marziya, yayar Banafsha,

Sallama da fatan alheri. Ni ce Mahgul, uwar Kayyum. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata Najiba ce ke rubuta mini, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana.

An karanta mini abin da kika ce a kaina. Ban ji haushi ba. Na ce ta cika rama, kuma ta cika ramar, har gobe.

Ba zan yi doguwar magana ba. Ɗana zai kashe ƙanwarki. Ba yau ba, wataƙila ba bana ba, amma na san hanyar, na bi ta. Ni Allah ya yi mini ƙashi mai tauri. Ita ba ta da shi. Ran nan na ga Sitara tana dukan 'yar tsanarta da cokali tana cewa, "Wa ya ce ki bar shayi ya huce?" Ranar ban ci abinci ba.

Ki turo Daud. Kada ya zo da faɗa, kada ya zo da bindigar aro. Ya zo da fararen kaya da kwalin alewa kamar mai ziyara, ya nemi a tara limamin unguwa da dattawa. Saura ku bar mini.

Kika ce uwa ba ta juya wa ɗanta baya. Gaskiya ne. Ban juya masa ba. Ba na so ya tsaya gaban Allah da jinin mace a hannunsa, shi ke nan.

In Daud ya ce ba zai zo ba, ki ce masa wata tsohuwa a Herat tana tambaya ko rawani kawai aka bar masa gado.

Wassalam.
Mahgul

*

Mazar, 27 ga watan Kaus

Ƙanwata,

Gaisuwa a gurguje, direban na jira a bakin ƙofa yana danna mini hon.

Daud na zuwa. Ba cikin sauƙi ba. Da na je shagonsa na faɗa masa, sai ya hau gyara takalman da ke kan kanta yana cewa, "Marziya, kowane aure da irin nasa. In ta fito me mutane za su ce? Wa zai kalli 'ya'yana mata?" Na ce, "In ta mutu fa, me za su ce? Za su ce Allah ya ji ƙanta, su sha shayinka su tafi." Ya ce in rage murya. Na ƙara ta.

Sai na ajiye masa wasiƙarki a kan kanta. Ya duba ya ce, "Wane yaro ne ya rubuta wannan?" Na ce, "Ƙanwarka ce, wadda Baba ke kai rubutunta masallaci yana nuna wa abokansa." Ya karanta a tsaye. Da ya kai wurin itacen murhu sai ya zauna a kan kwali.  Can ya ce, "Ranar Asabar akwai mota."

Ban ma kai ga faɗa masa maganar rawanin ba, na adana ta don wata rana.

Ki faɗa wa Bibi na janye maganata. Ban janye duka ba, don har yanzu ramar nan tana yi mini ciwo, amma na janye mafi yawanta. Ki sumbaci hannunta a madadina.

Na share ɗakin baya, na sa an gyara tagar. Kada ki tsaya kwashe kaya. Ki ɗauko yarinya da takardunku.

Allah ya sada mu da alheri.

Marziya

*

Herat, 8 ga watan Jadi

Yayata,

Assalamu alaikum. Jiya da Yaya Daud ya miƙo mini wayarsa ba abin da muka yi sai kuka, ke a can ni a nan, har ya ƙwace abarsa. Sakhi zai tashi gobe, mu sai an sa hatimi a takarda, wataƙila nan da sati. Bari in rubuta miki yadda aka yi, don na san ba za ki iya jira ba.

An zauna bayan azahar a ɗakin baƙi. Liman, dattawa biyu, Haji Barat ƙanen mahaifin Kayyum, sai Yaya Daud. Ni da Bibi muna bayan labule. Kayyum ya sa rigarsa mai kyau, ya zuba wa kowa shayi da hannunsa. Ya ce zamewa na yi. Ya ce tun da aka hana ni koyarwa kaina ya ɗan taɓu, shi kuma yana ta haƙuri da ni. Yadda yake magana a natse, ni kaina na kusa yarda.

Yaya Daud ya yi ƙoƙari, amma kin san shi, in ransa ya ɓaci harshensa sarƙewa yake. Liman ya fara cewa, "To, tun da ba shaida, a yi sulhu. Ya yi alkawari, ita kuma ta ƙara biyayya."  Na ce a raina shi ke nan, za su tafi su bar ni da shi, kuma yanzu ya san na yi magana.

Sai Bibi ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta yaye labulen ta shiga tsakiyar maza.

Haji Barat ya ce, "Subhanallahi, matar yaya, nan wurin maza ne!"

Ta ce, "Ni na share shi da safe, na san wurin waye. An ce ba shaida. Ga ni."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shaidar mace ɗaya ba ta isa ba. Ta ce, "To ga namiji nan ya cika mini. Barat, kai ka kai ni wurin mai ɗori shekarar da yayanka ya karya mini haƙarƙari. Me ka ce wa mai ɗorin?"

Haji Barat ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ta ce, "Ka ce jaki ne ya harbe ni. Mu da ko akuya ba mu da ita. Yau ma jakin ne ya karya hannun yarinyar nan? Faɗa wa liman."

 Tsohon ya ce, da wata ƙaramar murya, "Ba jaki ba ne. Ba a lokacin ba, ba yanzu ba. Ina jin kukan yarinyar daga gidana."

Kayyum ya miƙe yana huci ya ce, "Inna, ni za ki tozarta a gaban mutane? Saboda bare?"

Ta ce, "Zauna." Ya ƙi. Ta ce, "Shekara biyu ka sha nonona. Wallahi in ba ka saki yarinyar nan yau ba, ka bar mata 'yarta, ban yafe maka ko ɗigo ɗaya ba, duniya da lahira. Liman ga ka nan, ka ji."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗago ido. Ya koma ya zauna. Ya faɗi kalmar sakin yana kallon bango.

Kan Sitara aka fi ja. A ƙarshe aka rubuta za ta zauna wurina har ta cika tara, sannan a sake zama. Shekara uku ke nan. Na so in yi gardama, Bibi ta matse mini hannu ta raɗa mini, "Karɓi. Shekara uku tana da nisa, ni kuma ban mutu ba tukuna."

Na bar masa komai na ɗakin. Na fito da Sitara da jaka ɗaya. Muna gidan wani abokin Baba a bayan kasuwar tagulla. Kin san abin da na fara ji da muka iso? Yunwa. Matar gidan ta kawo gurasa mai zafi da miyar wake, na ci uku, Yaya Daud na kallona baki buɗe. Ya ce, "A haka za ki talauta Marziya." Na yi dariya har hannun ya motsa na yi ƙara.

Likita ya duba shi, ya ce ɗorin ya ɗan karkace amma zan yi rubutu da shi.

Sai mun zo. Ki dafa shinkafa, kada ki ƙona ta.

Banafsha

*

Mazar, 15 ga watan Hamal

Zuwa ga Bibi, uwata,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ki, ina sumbatar hannunki. Ya ƙafafun? Ina gaida Najiba da za ta karanta miki wannan.

Sanyi ya wuce, jajayen furanni sun rufe tuddan bayan gari. Iddata ta cika. Sitara ta shiga aji ɗaya, ta ce a faɗa miki malamarsu ba ta kai ki faɗa ba. Ta daina firgita in an buga ƙofa. Ni ce dai har yanzu in kofi ya faɗi sai na duba bayana, amma yana raguwa.

Muna ɗinki ni da Yaya Marziya. 'Yan matan maƙwabta su biyar suna zuwa koyo da hantsi. In an gama da allura akan ɗan buɗe littafi, amma wannan tsakaninmu ne. Na yi ƙiba, Bibi, har Yaya ta ce a auna ni a aiko miki da lissafi.

Abu ɗaya ke hana ni sakewa, shi ne ke. Sakhi ya ce tun ranar Kayyum bai yi miki magana ba, kuma 'yan'uwa sun daina shigowa gaishe ki. Saboda ni kika rasa wannan duka. Ki zo Mazar. Akwai wuri a ɗakina, Yaya Marziya da bakinta ta ce a kira ki, kin kuwa san abin da hakan ke nufi daga wurinta. Sakhi zai iya kawo ki. Ki bari in yi miki hidima, ko na shekara ɗaya ne.

'Yarki,
Banafsha

*

Herat, 2 ga watan Saur

'Yata,

Na ji saƙo, na gode. Ba zan zo ba. Ɗana ne, dole wani ya dafa masa abinci.

Ya fara yi mini magana. Ran Juma'a ya ce, "Inna, ina gishiri?" Na nuna masa. Wata mai zuwa zai tafi Iran aikin gini. Wasu mutane sun aiko mata biyu su duba gida, suna so su ba shi 'yarsu. Na ba su shayi na faɗa musu komai. Ba su dawo ba.

Ba ki jawo mini asarar kowa ba. Waɗanda suka daina zuwa da ma alewata suke ƙararwa.

Ki ja kunnen Sitara ta yi karatu. Maganar shekara tara kada ta hana ki barci, Barat ya rantse mini da Alƙur'ani zai tsaya.

Abu na ƙarshe, Najiba na cewa kada ta rubuta, na ce ta rubuta. Duk ranar da kika ji na mutu, kada ki zo Herat. Ki yi mini addu'a daga inda kike, za ta iso.

Allah ya yi miki albarka.

Uwarki,
Mahgul